Takardar da Malam Muttaka Bai Duba Ba

"Ajiye lemon, Haruna, ka faɗi abin da ya kawo ka."

Haka Malam Muttaka ya ce da ni, yana jingine a zaure, ƙafafunsa sun kumbura ko silifas ba sa shiga. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Yakasai, shekara ashirin. Ni tela ne, shi malamin lissafi a sakandaren 'yan mata. Zuwana na huɗu ke nan a sati guda, kuma wallahi ba duka don dubiya ba ne.

A bana ne aka ce kowane malami ya duba takardun ɗalibansa na jarrabawar tantancewa, wadda sai an ci ta ake zama ta ƙarshe. Ƙungiyar malamai ta ce ba ta yarda ba, a kai wa malaman wata makaranta, don kada iyaye su hana mutane sakat. Shugabar makaranta ta aiko masa da takardun cikin buhu har gida. Washegari Ashafa, sakataren ƙungiya, ya zo gaisuwa, ya zare jan biron duba takardu daga aljihun Malam ya tafi da shi. Sai Malam ya koma dubawa da fensir. A cikin buhun nan akwai takardar 'yata Bilkisu.

Na yi ta kame-kame, na ce, "Malam, dama yarinyar nan ce... ka san lissafi na ba ta wuya."

Ya daɗe yana kallona. "Ni na yi mata huɗuba ranar da aka haife ta," ya ce. "Da ba ka zo ba, da tun Asabar na duba tata. Yanzu ko nawa na rubuta, ban san ita na ba ko kai ba."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ban fasa ba, Allah ya yafe mini. Na ce, "Maki biyu ko uku ai ba zai kashe kowa ba."

"Abin da Ashafa ke gudu ke nan," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Ranar Laraba da hantsi na ji salatin Nana Hauwa, matarsa, ta kan katanga. Na bar keken ɗinki na ruga. Kafin la'asar mun kai shi. A wajen zaman makoki Ashafa da mutanen shugabar makaranta suka raba tabarma, kowa na cewa ɗaya ɓangaren ne ya ƙarasa shi.

Bayan sadakar uku aka zo aka ɗauki buhun. An karɓi makin fensir ɗin, tunda mai shi ba ya nan balle a yi rigima da shi. Da sunaye suka fito, babu na Bilkisu. An rubuta ba ta zauna ba. Na je makaranta sau uku, aka ce an riga an rufe karɓar maki.

Jiya Nana Hauwa ta kira ni, tana naɗe shimfiɗarsa. "Baban Bilkisu, ga wannan, ƙarƙashin filo na gani."

Rubutun 'yata ne, shafi shida, tsaf, babu alamar fensir ko ɗaya. A kan taga kuwa lemona huɗu na nan jere, sun yamutse.