Karsanar da Daudu Ya Ba Malamin Makaranta

Labaran na danne da katifa da gwiwa, Malam Yusha'u na jan igiya, sai ga Sahabi ya yi sallama a ƙofar zauren. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce mahaifinsa na kiran Malam, Labaran ma ya zo.

Mahaifin nasa shi ne Daudu, Bafulatanin da darni ɗaya ya raba gidansa da na Labaran a Unguwar Mati, can bakin dajin Ruma. Tun kaka tari ya kwantar da shi, kowa kuma ya san ba ciwon tashi ba ne. Labaran ya saki katifar nan da nan. Dama ba da son ransa yake taya ɗaurin ba, kunya ce ta hana shi ƙi, tunda a zaurensa malamin ke kwana.

Shekara ta biyu ke nan da gwamnati ta buɗe makarantun kyauta, har Unguwar Mati ta samu aji ɗaya mai rufin kwano. Malamai biyu aka turo kafin Yusha'u. Na farkon ya ce zai je Batsari aski, har yau ana jiran a gama masa. Na biyun kurkunu ya kama shi, aka fitar da shi a kan jaki. Yusha'u ne ya jure har yara suka fara haɗa baƙi. To shi ma yanzu yayansa ya samo masa aiki a kamfanin gina titi a Kaduna, motar ranar kasuwa kawai yake jira. In ya tafi an rufe aji ke nan, don babu uban da zai bar ɗansa ya riƙa ratsa daji da rafi zuwa Ruma kullum. Labaran na da 'yarsa Safiyatu a ajin, kuma ranar da ta karanta masa rubutun jikin buhun taki ji ya yi kamar an naɗa shi dagaci.

Sun iske Daudu a kan gadon kara, ya rame sai ido. Inno matarsa ta aje mafici ta fice. Aka gaisa, aka yi masa ya jiki, ya ce da sauƙi kamar yadda kowane mara lafiya ke faɗa. A bakin ƙofa kuwa ga wata 'yar karsana fara mai baƙin kunne tana leƙen ɗaki.

"Malam, an ce mini za ka tahi."

"Haka ne, Baba. Hali ne ya kama."

"Ni ma tahiya zan yi, kuma sai na riga ka."

Daudu ya yi wa Sahabi magana da Fillanci. Sahabi ya jawo igiyar karsanar ya sa a hannun Malam, shi kuma ya karɓa, a zatonsa riƙe masa zai yi. Labaran ya gane abin da aka yi. Habbanaye ne, al'adar Fulani ta ba amini aron saniya: ka kiwata ta haihu sau uku, maruƙan naka, uwar ka mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a kuma jingina wa wani ita mutum ya kama gabansa. Labaran ya yi shekara da shekaru yana jin labarin, bai taɓa ganin an yi wa wanda ba Bafulatani ba.

Da aka yi wa Malam bayani, sai ya dubi Daudu.

"Baba, ni ko akuya ban taɓa kiwo ba."

"Waɗanda kake kiwo cikin ɗakin kwano fa? Ai sun hi ta rashin ji." Tari ya sarƙe shi, ya huta. "Ba kyauta na ba ka ba, kada ka kai ta Batsari ka sayar. Amana ce. Kuma ciyawar nan ta sani, ba ta san Kaduna ba."

Labaran ya dubi karsanar da idon manomi. Ko ɗaukar ciki ba ta isa yi ba. Kafin ta yi haihuwa ta uku, Safiyatu da Zuwairatu jikar Daudu sun gama firamare. Tsohon nan ya ratsa garkensa kaf ya zaɓo wadda ta fi kowace ƙuruciya! Dariya da kuka suka zo wa Labaran tare. Sun sha rigima a kan shanun da ke shiga dawarsa, bai taɓa kayar da Daudu a magana ba, amma bai taɓa alfahari da maƙwabtakarsu irin ta ranar ba.

Malam ya yi wa tsohon sallama. Ya ja karsanar, ko ita ta ja shi, har gidan Labaran. Da yamma ya ce gobe zai koma ya ba tsohon haƙuri, ya mayar masa da abarsa.

Washegari da hantsi Daudu ya cika, Labaran na tallabe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Labaran ne ya fara saran kabarin, bai kuma ɓoye hawayensa ba. Fulani suka fito daga rugage har na wajen Zakka, manoma suka bar sussuka, jana'izar ta yi jama'ar da unguwar ba ta taɓa gani ba. A wurin zaman makoki Malam ya matsa kusa da Sahabi ya yi masa maganar karsanar a hankali. Sahabi ya ce shi ba shi ya bayar ba, kuma wanda ya bayar ba ya nan balle ya karɓa.

Ranar kasuwa Labaran bai je ko'ina ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida yana gyaran lauje da ba abin da ya same shi. Can motar ta iso, ta tsaya bakin hanya tana ta oda. Ya san Malam saurayi ne da rayuwa ke gabansa, in ya tafi ba wanda zai ce ya yi laifi, sai dai ranar ya kasa yi masa wannan adalcin. Malam ya fito da rigarsa ta tafiya, ya tsaya yana duban hanya, ya daɗe. Daga cikin gida karsanar ta yi kuka, don rana ta ɗaga ba a ba ta komai ba.

"Baba Labaran, me ake ba ta da safe?"

"Dusa, da 'yar kanwa cikin ruwa."

"To a ara mini ƙwarya. In ka gama, ka zo ka taya ni kwance kayan nan."

Labaran ya ce to, ya shige gida da sauri kada a ga fuskarsa.

Da azahar ya bi ta makarantar a hanyarsa ta masallaci. An tashi yara, amma ba wanda ya tafi gida. Suna bayan aji sun yi da'ira, Zuwairatu na koya wa malaminta yadda ake sosa wa saniya wuya. Ya miƙa hannu a tsorace, karsanar ta shinshina, ta shiga lashe farin allin da ke yatsunsa.