Bishiyar da Kawu Ya Yanka Rabi

Injin zarton ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, bakinsa yana cikin bishiyar.

Kawu Mai Zarto ya zare shi, ya ajiye a ƙasa, ya taka shi da ƙafa ya ja igiya. Igiyar ta ƙi fitowa, kamar an ɗaure ta daga ciki.

"Mai ne ya ƙare?" na tambaya daga can nesa, inda ya ce in tsaya.

"Fistin ne ya kama," in ji shi. Ya zauna a kan wani gungume yana haki. "Ikon Allah. Ni da hannuna na haɗa man nan jiya. Fetur lita ɗaya, baƙin mai murfi biyu. Shekara arba'in ban taɓa mantawa ba."

"Daman haɗawa ake yi?"

"Digiri, wannan ba motar ofishinku ba ce. In ka ba shi fetur zalla, minti goma ya ishe shi ya cinye kansa."

Na ce, "Allah sarki," na duba agogona kamar ina da wurin zuwa.

Da safiyar ranar, lokacin da ya shiga gida shan magani, na leƙa tankin injin na ga ya yi ƙasa. Sai na ɗauko galan ɗin janaretona na cika masa shi taf, na rufe, na koma na tsaya ina jin daɗin kaina. Digirina biyu, duka a kan tsare-tsare. Shi ya sa Kawu yake kirana Digiri, kuma ba yabo ba ne.

Bishiyar turare ce babba, a ɗan filin da ke tsakanin gidana da nasa. Shekara biyu tana bushewa daga sama, tana ɗan karkatowa wajen ɗakin da 'ya'yana mata uku suke kwana. Kawu kuwa tun kafin in tare a layin yake yanka itace yana sayar wa masu gidan burodi, kuma a rumfar ƙofar gidansa yake gyaran janareto da injin ban ruwa da duk wani ƙarfe mai hayaƙi. Wata uku ke nan likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya daina ɗaukar nauyi. Ya ce likitan bai taɓa riƙe komai ba sai biro.

A ranar ya riga ya buɗe wa bishiyar baki, wato ya cire mata wani yanki ta gefen fili, inda yake so ta faɗi. Ya zagayo baya ya fara yankan ƙarshe, ya shiga kamar faɗin yatsu huɗu, sai injin ya mutu. Haka muka bar ta: an yanke ta gaba, an tsaga ta baya, tana tsaye a kan abin da ya rage.

"Za ta kwana?" na tambaye shi.

"Za ta kwana. Gobe in buɗe injin."

Washegari bai fito rumfa ba. Jibi ma haka.

Na kwashe 'yan matan na mai da su falo da katifunsu. Matata ta ce in ita ce, da gidan gaba ɗaya za ta kwashe. Na daina iya zama wuri ɗaya. In na je ofis, sai in riƙa leƙa tutar ƙofar shiga in ga ko tana kaɗawa. In na dawo, kafin in cire takalmi sai na zagaya bayan bishiyar na cusa biro a tsagar. Ranar farko tsininsa kaɗai ya shiga. Rana ta uku ya shiga har da murfi.

Na tafi wurin Gajere, ɗaya mai injin zarton da ke unguwar, wanda shagonsa ke bayan tashar mota. Sa'an Kawu ne, tare suka koyi aiki, kuma shekara ashirin ke nan ba su yarda da juna a kan komai ba. Na same shi ya danne sarƙar zarto a maƙalar tebur yana bin haƙoranta da magagari ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji labari," in ji shi, bai ɗago ba. "Ba zan taɓa ta ba."

"Haba Baba Gajere, ɗakin yara ne fa a ƙarƙashinta."

"Malam, ba a ƙarasa yankan wani. Wanda ya buɗe baki shi ya ga abin da ke ciki, shi ya ji yadda itacen ya amsa masa. Ni in na zo na ɗora a kan aikinsa, makaho ne ni. In ta juyo ta hau ɗakin, wa za a ce ya yi?"

"To yaya za a yi?"

"Ya kira ni da bakinsa, ya gaya mini abin da ya gani. Shi ke nan." Ya hura ƙurar ƙarfe daga sarƙar. "Amma ka san mutumin naka. Gara ya hau ta da haƙoransa."

Na iske Kawu a kan gado, an jingina shi da filo uku. Ɗakin yana warin fetur da man zafi. A kan cinyarsa akwai tiren shayi, a kan tiren kuma injin ne a wargaje: fulogi, kafireta, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba. Matarsa, wadda duk layin muke kira Goggo, tana bakin ƙofa da kofi a hannu.

"Ka gani ko, ɗana?" ta ce da ni. "Tiren da nake ba baƙi shayi. Na ce ya sha magani, ya ce sai ya ga zoben fistin."

Kawu ya miƙo mini fistin ɗin. Gefensa ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan kwalta.

"Duba nan. Ƙishirwa ce ta kashe shi. Zan sa a nemo mini wani, kwana biyu in tashe shi."

"Kawu, na je wurin Gajere."

"Wa ya aike ka?"

"Tsagar tana buɗewa."

"Gajere! Mutumin da ke wasa sarƙa kamar mai goge takalmi? Haƙori ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma. In ya yanka maka katako sai ka rantse ɓera ne ya ci." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Goggo ta zo ta riƙe masa kofi. Da ya lafa ya ce, "Aikina ne. Ni na buɗe, ni zan rufe."

Na ga yana neman ɗaukar wata ƙaramar ƙusa daga murfin kwalbar. Sau uku yatsunsa suna kuskure ta. Na kau da kai na karanta kalandar bango, ta shekarar da ta wuce ce.

Rana ta shida da la'asar iska ta taso. Ba wata babba ba, irin wadda ke kwashe leda a titi. Ina tsakar gida na ji bishiyar ta yi ƙara sau ɗaya, ƙas, kamar an karya allo. Ƙaramar 'yata ta fito da gudu ta riƙe zanen uwarta. Matata kallona kawai ta yi, irin kallon da ya fi takardar sammaci. Na zagaya baya. Wannan karon ban nemi biro ba, yatsana ya shiga.

Na faɗa ɗakin Kawu ko sallamar kirki ban yi ba. Ya ƙara ramewa a kwana ukun, ƙafafunsa kuma sun kumbura. Tiren yana ƙasa, an rufe shi da tsumma.

"Kawu, ni ne na zuba fetur a injin. Zalla. Daga galan ɗin janaretona. Na ga tankin ya yi ƙasa, na ce bari in taimaka."

Ya ɗago ya dube ni.

"Kwana shida," ya ce. "Na ce da Goggonka kwana uku za ka yi, ita ta ce goma. Ka ba mu kunya mu duka."

"Kun sani?"

"Man da na haɗa launin ruwan toka gare shi. Wanda na tsiyaye daga tankin fari tas, kamar ruwan sha. A layin nan wa ke da zuciyar taimako da rashin sani a haɗe in ba kai ba?"

Na zauna a bakin gadon ba tare da an ce in zauna ba. Na fara jera kalmomin ban haƙuri irin na ofis, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Goggo, ɗan ba mu wuri." Da ta fita ya rage murya. "Na ji kukansa ya canja tun ina buɗe wa bishiyar baki. Injin da ya ji ƙishirwa kukansa na siririta. Da na so, da na kashe shi nan take, na zubar da man, ba abin da zai same shi."

"To me ya hana?"

Ya ɗaga hannayensa biyu ya duba su. "Waɗannan. Tun a yankan farko suka saki. Ina zagayowa baya na san ba zan kai ƙarshe ba. Ga mutanen layi sun fito suna kallo. Sai na ce, to, bari injin ya fara faɗuwa, kada a ce ni ne." Ya ja numfashi. "Shekara goma sha bakwai yana hannuna. Na bar shi ya ƙone."

A waje iska ta sake kaɗa kwanon rumfarsa. Mu biyu muka saurara har ta wuce.

"Yaran suna ina?" ya tambaya.

"A falo."

"Je ka kira mini mai goge takalmin nan."

Gajere ya zo da sassafe, injinsa a kafaɗa, da wata doguwar sarƙar jan mota. Ni da maƙwabta biyu muka ɗauko Kawu a kan kujerar roba, muka ajiye shi a bakin rumfarsa, Goggo ta lulluɓe masa ƙafafu.

"Dogo, ashe kana nan," in ji Gajere, yana kallon Kawu. "An ce mini ka zama mai gyaran tire."

"Matso, kunnenka ba shi da kyau. Bishiyar nan cikinta rami ne. Garin da ta zubo baƙi ne, da danshi, gara ta gama da zuciyarta. In ka ci gaba ta inda na tsaya, za ta tsage biyu ta harbo ka, rabi ya hau ɗakin yaran."

Gajere ya daina murmushi. Ya je ya ɗebi garin itacen da ke gindin bishiyar, ya murza, ya shinshina. Kawu ya ci gaba.

"Ka ɗaure ta da sarƙa sama da yankan, ka tamke sosai. Kada ka bi tsagata. Soka tsinin zarto ta gefe, ka bar mata yatsu huɗu a bayan bakin, su ne ƙyaurenta. Sai ka fito baya a hankali. In ka ji ta yi magana, ka saki ka ja da baya ta hagu."

"Haguna ko naka?"

"Naka, jaki. Ni ina nake da hagu yanzu?"

Aikin bai kai minti ashirin ba. Ni dai na yi su ne ina zuwa ina dawowa tsakanin rumfar da katangata, har sai da Goggo ta ce in zauna ina sa mata jiri. Kawu ya rufe ido, kansa a karkace, yana sauraren injin. Sau ɗaya ya ce, "Sassauta," ko da yake ba mai jin sa a cikin ƙarar. Sai bishiyar ta yi wani dogon nishi, ganyen da ya rage mata ya girgiza, ta tafi a hankali kamar mai tunanin fasawa, ta zube a fili. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ko reshe ɗaya bai taɓa kwanona ba.

Cikin kututturen rami ne da zai ɗauki bokiti.

Gajere ya kashe injin ya taho yana share gumi. "To?"

Kawu ya buɗe ido ya duba inda ta kwanta. "Ta kauce da taku biyu."

"Taku biyun gidanku."

"Kuma sarƙarka tana ja ta dama. Kawo ta gobe in nuna maka."

Gajere ya kawo ta kuwa. Ya sami Kawu yana barci, ya zauna a rumfa har azahar, ya koma da ita. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina ofis ina gyara wani rahoto da ba mai karantawa, matata ta kira ni ta ce Kawu ya cika.

Bayan mako guda, da baƙi suka ragu, na shiga gaida Goggo da yamma. Na same ta a ɗakinsa, tsaye a kan kujera, tana fama da wani tsohon zanen gado a jikin tagar yamma.

"Shekara talatin tagar nan ba ta san labule ba," ta ce. "Inuwar bishiyar ce ko da yaushe. Yanzu dubi."

Na karɓi gefe ɗaya na riƙe mata, tana neman inda za ta maƙala. Zanen bai kai faɗin tagar ba. Ta inda ya gaza, rana ta shigo ta kwanta a kan katifar da aka cire wa shimfiɗa, tun daga wurin filo har ƙafa.