Kwamin Gishiri a Ɗakin Gyaɗa

Shekara biyu ke nan ciwon baya bai bar Malam Khalilu ya sunkuya da fartanya ba. Ciwon ya kama shi mako guda bayan ya binne matarsa. Likitoci a Kano sun ɗauki hoto, sun auna jini, suka ce damuwa ce. Wato ba su sani ba.

Damina ta ƙarato. In bai yi shuka bana ba, ƙannensa za su raba gonar a tsakaninsu, wai don tausayi.

'Yarsa Kaltum, mai aikin jinya a Minjibir, ta zo da magani daga wayarta: a kwantar da mutum rigingine a ruwan ɗumi mai gishiri sosai, cikin duhu, ruwan ya ɗauke shi har jiki ya saki.

"A nan za mu yi, Baba. Sha'aban zai gina kwami a ɗakin gyaɗa."

Sha'aban magini ne, kuma shi ke haƙa kabari a ƙauyen. Bai zo da abin awo ba. Ya zaro kara daga danga.

"Miƙe, Malam."

"Da raina, Sha'aban?"

"Sabo ne. Kara ba ya ƙarya."

Ranar Alhamis aka gama. Kwamin ya miƙe kudu da arewa, matsattse. Kaltum ta ce faɗin ya yi kaɗan, ai baje hannuwa ake yi. Sha'aban ya ce shekara talatin yana yi wa mutane makwanci, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Suka narkar da gishiri buhu huɗu a ruwan, Malam Khalilu ya shiga. Kaltum ta toshe wa uban kunnuwa da auduga, ta ɗaga murya daga bakin ƙofa: "In ka gaji ka ƙwanƙwasa, Baba. Ina zaure."

Sha'aban ya jawo katako ya rufe kwamin, bakinsa na motsi da addu'ar da ya saba.

Rigingine ba ta yiwu ba. Malam Khalilu ya juya dama, gishiri na lasar gefen bakinsa. Duk da audugar, ya ji takun takalmansu yana nisa.

Sai ciwon ya sauka daga wuya zuwa ƙugu, ya ɓace. Ya lalubo gonar a ransa, ya ga ba ta dame shi ba. Su raba.

Ruwan ya taɓa hancinsa. Ya ɗaga hannu har ya kai katakon, ya ɗan dakata, sannan, bai ƙwanƙwasa ba, ya mayar da shi a hankali, don kada ruwan ya motsa.