Kunnen Gide

A shekarar da aka gyara hanyar Sheme, wata Baturiya ta sauka gidan Dada da takardar hakimin Faskari, wai ta zo nazarin halayyar yara. Nazarin kuwa me ke nan? Ta shimfiɗa tabarma gindin ceɗiya, littafi a cinya, agogo a hannu. Yaro ya yi kuka ta rubuta, ya ci ƙasa ta rubuta. Dada sai tsaki. Ƙatuwar mace, ba miji ba ɗa, ko zanen goyo ba ta iya ɗaurewa, wai ita ce masaniyar yara.

Ran kwana na tara ta rufe littafin. Da gurguwar Hausarta ta ce Gide, jikan Dada mai shekara ɗaya da rabi, ba ya ji. Sau ashirin da uku, in ji ta, taɓarya ta faɗi ko jaki ya yi kuka, sauran yara suka zabura, shi ko gezau. A kai shi asibitin Katsina tun da wuri.

Ran Dada ya ɓaci ƙwarai. 'Ya'ya tara ta raina, ba agogo ba fensir. Ta ce yaron haƙuri ne da shi irin na kakansa, kuma ba wanda zai ɗora wa jininta kurumta daga zaman tabarma. Baturiyar ta tambaya ko yana amsawa in uwarsa ta kira sunansa. Matan gida suka tuntsire da dariya. Baraka ta kira sunan ɗanta na fari? Yarinyar da ko kallonsa ba ta yi gaban mutane don kunya? Ashe duk karatun nan, abin da kowace 'yar talla ta sani ya gagare ta. Dada ta sa aka naɗe tabarmar, ta ce a gaida mutanen Ingila.

Bayan fitarta Dada ta shiga kwaikwayon zamanta, tana zana a tafin hannu da tsinke, mata na ƙyaƙyatawa. Gide na zaune bakin rumbu, ya ba su baya, yana wasa da kara.

"Gide."

Daga wajen murhu ne. Baraka ce, gaban surukarta, gaban kowa. Dariya ta ɗauke. Baraka ta miƙe da muciya a hannu, ta sake kira, ta ƙara da ƙarfi har kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya fasa kuka.

Dada ta buɗe baki za ta tsawata mata kan wannan rashin kunya, amma idonta na kan ƙeyar yaron. Tsoro ya kama ta. Gide ya karya karansa biyu, ya sa guda a baki.

"Ƙara kira, 'yar nan," in ji Dada. "Matsa kusa da shi."