Silon Injin Suruki

Duk wanda ya yi kabu-kabu a Gusau shekarar da mai ya yi wuya, ya san rumfar Haliru Bakanike a kan hanyar Damba. Gwanintarsa ɗaya ce, amma ta ishe shi: idan ya wanke maka kafireto, sai ya rage silo, wato bugun injin a tsaye, har babur ya riƙa numfashi da ƙyar, galan ɗaya ya yi maka kwana uku. Haliru kuma mutum ne mai son yabo, ba ya ɓoyewa.

Da damina ta kankama sai surukinsa Baba Manu, mai fito a gulbin da ke bayan Bungudu, ya aiko da injin kwale-kwalensa a bayan akori-kura, wai a wanke. Shekara shida Haliru yana auren 'yarsa Zuwaira, tsohon bai taɓa neman ko allura a wurinsa ba. Dalili kuwa kowa ya sani, ya so 'yarsa ta auri mutumin ruwa irinsa. Saboda haka Haliru ya ga ranar da zai wanke kansa ta zo.

Bai taɓa kwance injin ruwa ba, amma ya ce inji inji ne. Ya warware kafireton, ya wanke da fetur, ya hure kowane rami da baki, ya mayar. Aka cika duro da ruwa, aka tsoma ƙafar injin, ya ja igiya. Sannan ya sa sukundireba ya yi abin da hannunsa ya saba, ya rage silo har sai ka kasa kunne kafin ka ji yana aiki. 'Yan kabu-kabu suka yi ta jinjina masa.

Bayan kwana biyu Zuwaira ta dawo daga Bungudu da saƙo. Kunyar surukai ba ta bari Baba Manu ya yi ƙorafi kai tsaye ba.

"Baba ya ce a gaishe ka da aiki," in ji ta. "Ya ce injin ya koyi ladabi ƙwarai. Da an sa mashi giya sai shi yi shiru."

Haliru ya sa aka dawo da injin. Ya canza fulogi, ya sake wanke abin da ke a wanke, ya gwada a duro, lafiya lau. Don ya ƙara burge tsohon, ya ƙara rage silon kaɗan. Saƙo na biyu ya fi na farko gajarta: Baba ya ce an gode, ya koma tuƙi da gora.

Wannan maganar ta soke shi. Ranar kasuwa ya ɗauki akwatin kayan aiki ya hau mota zuwa Bungudu, zuciyarsa cike da fushi da tsoro, domin Haliru ko a tafki bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Ya tarar da kwale-kwalen a maƙare: buhunan gero, awaki biyu, mata da ƙwaryar nono, da wata tsohuwa mai daddawa, Inna Tambaya, wadda bakinta ba ya hutu. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, kowa yana kallon gefe. A bakin gaɓa ya ja igiya, injin ya tashi sumul.

"To ga shi," ya faɗa wa iska, don ba zai iya faɗa wa suruki ba.

Baba Manu ya miƙe. Ya sa gora ya tura jirgin cikin ruwa da Haliru a ciki, ya miƙa hannu ya sa giya. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Gulbi kuwa ya cika ya batse, nan da nan ya fara jan su gangare.

Haliru ya zube a gindin injin, ya cafki abin da hannunsa ya fara samu ya riƙe gam. Ya ja igiya, ya tashi, aka sa giya, ya mutu. Sau huɗu ana haka, gaɓar tana ƙara nisa, akuya tana cin gefen rigarsa bai ma sani ba.

"Ɗan nan, kai ne mai gyaran?" in ji Inna Tambaya. "Mi ka yi mashi? Da can shina gurnani kamar ingarma."

"Na rage mashi shan mai, Inna."

"Awo. Ka hana jaki dusa, ka aza mashi buhu goma. Gwani na nan."

Matan suka kwashe da dariya. Shi dai Haliru bai yi ba, don tsohuwar ta faɗi gaskiya. A duro farfela ba ta tura komai, nan kuwa tana tura mutum goma sha huɗu da gero, ga gulbi yana danne hayaƙin daga ƙasa. Silon da ke riƙe babur a tsaye ba zai riƙe wannan ba. Da hannu ɗaya ya ɗaure sukurun da ya sassauta, rabin juyi, ya ƙara wani rabin. Ya ja igiya. Baba Manu ya sa giya, injin ya nisa, ya riƙe, hancin jirgin ya juyo.

Suna dab da tsallake Inna Tambaya ta dawo da zancenta, tana son a faɗa mata laifin wa ne, don ta kai labari kasuwa. Haliru ya buɗe baki zai amsa, ya san sunansa ya gama lalacewa daga nan har Tsafe. Sai Baba Manu ya riga shi.

"Man bumburutu na, Tambaya. Ruwa suka zuba ciki. Ba don yaron ga ba, da yanzu muna hanyar Sakkwato."

Ƙarya ce, kuma su biyun sun sani. Haliru ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kuma ji son tsohon ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Jirgin ya taɓa yashi, mata suka sauka, aka fitar da awaki da buhuna, shi yana nan zaune a gindin injin.

Baba Manu ya yi gyaran murya, ya dubi sama.

"In da mai jin magana kusa," ya ce, "a gaya ma mijin Zuwaira shi saki ƙafata. Mun iso tun ɗazu."