"Da Sauƙi" na Malam Falalu

Duk Bakura an san Malam Falalu da fassara karin maganar Turawa. Ritayarsa daga koyarwa ba ta hana shi ba. Kawo masa takarda kawai, ya gyara tabarau ya feɗe maka biri har wutsiya.

Ran nan da la'asar Inna Taibatu ta zo daga ƙauyen Dakko, waya a ƙulle a bakin zane. Ɗanta Mas'udu ya faɗi da babur a hanyar Maradun, yana asibiti a Talata Mafara. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, shi ya turo saƙo.

Bayan doguwar gaisuwa ta miƙa wayar. "Malam, mi ya ce?"

Falalu ya duba. It is touch and go. Ya san wannan magana sarai: Bature na yinta ne idan mutum yana tsakanin rai da mutuwa, ba a san inda zai faɗa ba.

To, amma wa ya taɓa gaya wa uwa irin wannan kai tsaye? A ƙasar nan, ko mutum na shure-shuren ƙarshe, "da sauƙi" ake cewa.

"Da sauƙi, Inna," in ji shi.

"Alhamdu lillahi!" Ta sauke ajiyar zuciya. "Bari in koma in kwashe gerona daga shanya. Jibi na tai in gane shi."

Jibi! Ga motar Mafara ta ƙarshe can tana lodi, kuma ba direban da zai hau hanyar nan bayan magariba. Tsohuwa ta ɗaure wayarta, ta juya. Malam Falalu, mai bakin da ba ya gajiya, ya bi ta da kallo. Tsoro ya kama shi, da kunya.

"Inna!" Ya tashi ko takalmi babu. "Ƙarya na yi miki. Likita ya ce jikin ya yi tsanani. Yana iya tashi, ana iya rasa shi. Ki shiga motar nan yanzu."

Ta tsaya cak, ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Kai da aka ce ka san magana," ta ce. "Da na kwana Dakko a kan bakinka, Malam, da har lahira ban yafe maka ba."

Ta tattare zanenta, ta nufi tasha da gudu.