Rago Mai Hakiya a Mina

Lurwanu mahauci ne, mutumin Kano, mazaunin unguwar Tandabawi a Makka. A ƙafa ya zo Makka, kuma sai da ya shekara bakwai a Umdurman yana aikin fiɗa kafin ya ƙetare teku. A can wuƙa ta cire masa yatsu biyu na hannun hagu. Duk shekara in ranar layya ta zo, shi da yayan matarsa, Tijjani, suke fita Mina tare. Tijjani ya sayar wa alhazai ragunan hadaya, Lurwanu ya yanka.

A shekarar da aka yi yaƙin Falasɗinu, da hantsi, Tijjani ya jawo wani farin rago zuwa bakin ramin yanka. Wata tsohuwa tana biye da shi, tana dogara sanda. Hauwa sunanta, daga Damagaram, shekararta huɗu a hanya.

"Ga na Hajiya," in ji Tijjani. "Yalla, yi sauri, mutane na jira."

Lurwanu ya gama wasa wuƙarsa, ya bi kaifinta da farce daga gindi zuwa tsini, kamar yadda ya saba. Sannan ya durƙusa ya buɗe bakin ragon, ya shafa ƙafafunsa, ya juyo kansa. Igiyar an ɗaura ta ne yadda za ta danne kunnen dama ya rufe ido. Da ya ɗaga kunnen sai ga hakiya fara fat, ta cinye ƙwayar idon duka. Ya kaɗa hannu a gabanta, ragon ko ƙiftawa bai yi ba.

"Yaya Tijjani, wannan ai ido ɗaya gare shi."

"Ƙura ce ta shiga."

"Ƙura? Dubi nan." Ya juya wurin tsohuwar. "Inna, wannan ragon ba ya isar miki hadaya. Ki ce ya canza miki."

Tsohuwa ta dubi wannan, ta dubi wancan. Tijjani ya matso ya rage murya.

"Babu wani. Na sayar da sauran. Ka yanka, wa zai sani? Nan da azahar yana cikin rami da dubu irinsa."

Lurwanu ya miƙe. Ya hango ramukan a bayan Tijjani, gawarwakin dabbobi jibge a rana, ƙudaje baƙi ƙirin a kansu, wasu ko fiɗe su ba a yi ba. Shekara tara yana ganin haka yana haɗiye maganarsa. Yau ta ƙi haɗiyuwa.

"Matar nan daga Damagaram ta tako," ya ce. "Shekara huɗu! Ka tsaya a Mina, ranar layya, ka rufe wa rago ido da kunne? Wallahi ba da wuƙata ba. Mutanen da kuke rainawa ma, kwana huɗu suke yi suna duba ɗan rago kafin ya kusanci wurin yanka."

Ya san ya yi kuskure tun kafin ya rufe baki. Tijjani ya sha jin wannan labarin a tsakar gida, ya san su wa ake nufi. Sai ya saki igiya ya ɗaga hannu sama, ya koma Larabci don kowa ya ji.

"Jama'a, ku ji! Dokar Yahudu yake kawo mana Mina! Yaron Bayahude ne, shekara bakwai yana cin tuwonsu! Ku dubi yadda yake shafa wuƙa da farce, wane Musulmi ke haka?" Ya juyo da Hausa. "Kuma in dokarsu kake bi, ai kai ka ce mai naƙasa ba ya hidimar yanka a wurinsu. Ina yatsunka? Kai ne ragon da bai isa ba!"

A shekarar nan ba a faɗar kalmar a banza. Mutane suka taru, wani ya jefo ƙashi ya sami Lurwanu a kafaɗa. Ya ji hannunsa ya ƙanƙame ƙotar wuƙa, ya dubi wuyan Tijjani, sannan ya jefar da ita ƙasa da ƙarfi har ta kafe. Askarawa biyu suka ratso taron, suka riƙe shi ta damtse.

Tantin shugaban mahauta suka kai shi. Shaihu Mahmudu dattijo ne haifaffen Makka, amma kakansa Basakkwace ne, Hausarsa tana nan ko da ta cakuɗe da Larabci. Ya sallami askarawan zuwa ƙofa, ya sa Lurwanu ya yi kalmar shahada, ya tambaye shi sunan limamin unguwarsu.

"Ɗayyib, madalla. To, ɗana, wane ne wannan Bayahuden?"

"Ishaƙ sunansa, ya Shaihu. Shi ke yi wa mutanensu yanka a Umdurman, ni nake masa fiɗa. Ya ce shi daga zuriyar Annabi Haruna yake, waɗanda suke kira kohen. Kakanninsa ne masu hidimar hadaya a ɗakin ibadarsu na Ƙudus, kafin a rushe shi."

"Me ya koya maka?"

"Bai koya mini addini ba, ban kuma nema ba. Surutu ne da shi in muna aiki. Ya ce a ɗakin nan kullum ana yanka ɗan rago da safe, ana yanka wani da yamma. Akwai wani ɗaki da ake tsare su, ana duba su kwana huɗu. Ranar yankan a ba shi ruwa a kofin zinariya, a sake duba shi. Aibi hamsin ya lissafa mini, har da tsagar fatar ido da ɗan yanki a guringuntsin kunne. Masu hidimar ba takalmi, sai sun wanke hannu da ƙafa. Ba abin da ke hawa wuta ba gishiri. Naman da ya wuce lokacin cinsa a ƙona shi, ba a bari ya ruɓe."

"Maganar yatsunka fa?"

"Gaskiya ne, mai naƙasa a cikinsu ba ya hawa wurin ƙona hadaya. Amma ba korarsa ake ba. Yana cin rabonsa, kuma shi ke zama ya duba itacen wuta, duk wanda tsutsa ta ci ya ware shi. Tijjani ya san wannan rabin ma, ya ɓoye."

Shaihu ya ja gemunsa. Lurwanu bai jira a tambaye shi ba.

"Ya Shaihu, mutumin nan kusan shekara dubu biyu ba su da wurin yankan. Ko dutsensa bai taɓa gani ba. Amma kullum da safe sai ya buɗe littafinsa ya bi dokokin ɗaya bayan ɗaya, kamar gobe za a kira shi aiki. Mun sha yin gardama. Na ce masa mu namu wurin yankan yana nan da rai, can za ni, kuma mu ma an hana mu mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme. Na yi masa alfahari! Ranar da zan taho ya tambaye ni, wa ke duba dabbobin a can? Na ce kowa. To yau ga kowa, ya rufe ido da kunne. Ni ban ƙi ragon nan don dokar Ishaƙ ba. Tamu ce ta hana, kai ma ka sani."

"Na sani," in ji Shaihu. "Hukuncinka daidai ne, bakinka ne ba daidai ba. Wa ya aike ka ambaton su a tsakiyar Mina, a bana? Ba zan iya tsare ka daga taron can ba. Ka ajiye wuƙa yau da gobe."

"Ni zan ajiye? Shi fa?"

"Shi zan kira shi."

"Yaushe?"

"Ka tashi, ɗana."

Da ya fito rana ta take tsaka. Ya koma bakin ramin, ya tarar wuƙarsa ta ɓace, Tijjani ma haka. Farin ragon yana kwance a yanke, wani mahauci ya yi aikin. Tsohuwar tana zaune a inuwar wani raƙumi, sandarta a cinya.

"Inna," ya ce, "me ya sa kika bari?"

Ta ɗago ta harare shi. "Na bari? Ku biyu kuka tsaya kuna ihu a kaina da yaren da ba na ji, aka tafi da kai, wancan ya ce kai mahaukaci ne. Wa zan tambaya? Ni na san idon rago? Kun lalata mini rana, kai da shi duka."

Bai kare kansa ba. Ya tsugunna ya yi mata bayani a hankali, cewa kwanakin yanka ba su ƙare ba. Yana da rago a Tandabawi wanda ya turke don layyar gidansa, lafiyayye. Washegari ya taka zuwa Makka ya jawo shi har Mina. Tunda an hana shi wuƙa, sai ya riƙe ƙafafun, wani mahauci Bajawe ya yanka da sunan Hauwa. Ta ce Allah ya karɓa, ta bi ayarinsu.

Shaihu bai taɓa kiran Tijjani ba. Bayan kwana shida Tijjani ya zo gidan da kansa, da ƙullin dabino, yana cewa zafin rana ne da shaiɗan. Rumasa'u, matar Lurwanu, ita ta tare yayanta a zaure.

"Yaya, da sun kashe shi fa? Dabino za ka kawo mini?"

Lurwanu yana ciki yana ji, bai fito ba. Daga ranar bai ƙara ce masa Yaya ba, bai ƙara yanka dabbar da ta fito daga hannunsa ba. Sunan kuwa ya bi shi. A kasuwar Tandabawi har ya tsufa ana ce masa Lurwanu na Bayahude, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba, kuma duk wanda ya faɗa a gabansa sai ya nemi nama a wani teburin, don Lurwanu ba zai sayar masa ba.